Tambayi likita: "An ce intalukin ya hau a jinin Hajiya, sankara ce?"

Tun bayan korona wata kalma ta fara shigowa cikin saƙonninku, wadda a da sai a ajin koyon likitanci ake jin ta: intalukin. Yawanci takardar gwaji ce ke kawo ta, wani lokaci kuma bakin mai tallar magani. Na tattara waɗanda suka shafe ta na wannan makon, har da waɗanda masu su ba su san ita suke tambaya ba.

Likita, mun kai mahaifiyarmu Alƙahira a duba lafiyarta gaba ɗaya. Shekarunta 64, tana da ƙiba da ciwon gwiwa. A takardar an rubuta IL-6 ya kai 19, kuma an ce bai kamata ya wuce 7 ba. Ƙanina ya duba a waya ya ce alamar sankara ce. Tun ranar Hajiya ba ta barcin kirki. Daga wani magidanci a Kano.

Malam, fara da kwantar wa Hajiya hankali. Wannan lambar ita kaɗai ba ta ce sankara ba, ba ta ma ce komai takamaimai ba.

Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin garkuwar jiki, ba su da baki, amma dole su yi magana da juna. In ƙwayar cuta ta shiga ta yankan da ke ƙafa, wanda ya fara ganinta sai ya kira sauran, ya sanar da ɓargo a ƙaro dakaru, ya sanar da ƙwaƙwalwa, ya sanar da hanta. Da ƙananan sinadarai ake aika wannan saƙo, sunansu na jimla saitokin, kuma intalukin zuriya ce babba a cikinsu. An raɗa musu sunan a 1979 a wani taron masana a ƙasar Suwizalan, ma'anarsa kuwa "tsakanin fararen ƙwayoyin jini". Sai aka riƙa ba su lamba bi da bi, yau sun haura 30. Na shidan, wato IL-6, wanda aka auna wa Hajiya, Tadamitsu Kishimoto da Toshio Hirano ne suka fito da asalinsa a Osaka ta Japan a 1986. Daga baya aka gane sunan ya yi musu kaɗan, domin tsoka da kitse da bangon jijiyar jini duk suna fitar da shi.

To a nan matsalar take. In ka hango ƙura ta tashi a bakin gari, ka san wani abu na motsi, amma ba ka san shanu ne, ko mota, ko guguwa ba. Haka IL-6 yake. Mura tana ɗaga shi. Ruɓaɓɓen haƙori yana ɗaga shi. Tiyata, ƙuna, zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka, shan taba, rashin barci, tsufa, duk suna ɗaga shi. Kitsen ciki yana tsiyayar da shi dare da rana kaɗan-kaɗan, shi ya sa mai ƙiba da wuya nasa ya zauna ƙasa sosai. Har mai cikakkiyar lafiya da ya yi gudun fanfalaki, in an ɗebi jininsa yana tsayawa, ana iya samun nasa ya ninka sau da dama, bayan 'yan awoyi ya sauka. Kuma abin da ake aunawa ƙanƙani ne ƙwarai: fikogiram, wato giram ɗaya a raba shi gida tiriliyan. Jinin da ya daɗe a kan tebur kafin a sarrafa shi ma yana iya ba da lambar da ba ita ba, kuma kowane ɗakin gwaji da irin ma'auninsa.

Gaskiya ne wasu nau'o'in sankara suna ɗaga shi, musamman ta ɓargo. Amma babu likitan da ke gano sankara da IL-6, kuma ba a tantance masu lafiya da shi. Wanda cuta ta mamaye jininsa yana kwance rai a hannun Allah, nasa yakan kai ɗaruruwa, har dubbai. Sha tara a jikin dattijuwa mai ƙiba da gwiwoyin da suka gaji ba abin firgita ba ne.

Ni da Hajiya a gabana take, tambayoyi zan fara yi mata kafin in sake kallon takardar. Tana ramewa ba dalili? Tana gumin dare har ya jiƙa zane? Akwai tarin da ya wuce mako biyu, ko ƙullutu a mama ko wuya ko hamata, ko jinin da ya dawo bayan al'ada ta ɗauke, ko ciwon baya mai hana barci? In akwai ɗaya daga ciki, shi za a bi, ko da IL-6 ɗin lafiya lau yake. In babu, a yi mata ƙidayar jini, a duba suga da ƙoda, a yi gwajin CRP bayan 'yan makonni tana cikin lafiyarta. CRP ɗin nan sinadari ne mai nuna kumburi a jiki, hanta ce ke yin sa, kuma da umarnin IL-6 take yi, saboda haka kusan labari ɗaya suke bayarwa. Ya fi araha, ya fi zama a jini, kuma ana yin sa a nan gida. An san shi tun 1930.

Wani abu da ba zan ɓoye ba: irin waɗannan gwaje-gwajen "duba komai" da ake sayarwa a dunƙule sukan jawo fargaba fiye da amfani. In ka auna abu 60 a jikin mai lafiya, da wuya biyu ko uku ba su ɗan kauce wa layi ba. Abin da ya fi dacewa a kula da shi a wurin Hajiya shi ne zuciya, don kumburin ɓoye mai daɗewa yana da hannu a toshewar jijiyoyinta. An tabbatar da haka a 2017, lokacin da wani babban bincike kan mutum sama da 10,000 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna cewa allurar da ke toshe IL-1 ta rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 15 cikin 100 ba tare da ta taɓa kitsen jini ba. Sai dai an sami ƙarin masu mutuwa da cututtuka masu yaɗuwa a cikin waɗanda aka yi wa, don haka ba ta zama maganin kowa ba. Abin da ke hannun Hajiya shi ne tafiyar ƙasa gwargwadon abin da gwiwa za ta ɗauka, rage nauyi, da kula da hawan jini.

Ɗana mai shekara 3 da ya kamu da zazzaɓi jikinsa kamar garwashi, amma yana rawar sanyi yana neman bargo. Ina ba shi farasitamol ya sauka, bayan awa kaɗan ya dawo. Maganin ne ba shi da kyau? Daga wata uwa a Maraɗi.

Uwar yaro, maganin yana aikinsa, sai dai ba shi aka ɗora wa kashe cutar ba. Da ƙwayar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan saki IL-1 da IL-6, su kai saƙo wani ɗan wuri a gindin ƙwaƙwalwa wanda ke tsayar da zafin jiki a kan digiri 37. Sai wurin ya ɗaga ma'aunin zuwa 39. Tunda jiki bai kai can ba tukuna, yaro sai ya ji sanyi, ya yi karkarwa don tsoka ta samar da zafi. Kasala, ƙin abinci da yawan barci ma aikin waɗannan 'yan aiken ne. Farasitamol yana tare saƙon ne a ƙwaƙwalwa na 'yan awoyi. Muddin mai aiko saƙon yana nan, zazzaɓi zai dawo.

A ƙasarmu, musamman da damina, yaro mai zazzaɓi a yi masa gwajin cizon sauro a ranar, kada a jira kwana uku. A ba shi ruwa da nono ko abin sha sosai, a rage masa kaya, a auna maganin bisa nauyinsa, kuma kada a ba yaro asfirin. In ya yi jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko numfashi ya yi sauri, ko ya kasa sha, ko yana ta barci ba ya farkawa sosai, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zazzaɓi kowane iri na asibiti ne.

Shekara 6 ina fama da amosanin gaɓɓai, yatsuna sun fara karkacewa. Kullum ana ce min jinina ya yi ƙasa, na sha maganin ƙarin jini har na gaji bai hau ba. Yanzu likitana ya kawo maganar wata allura mai tsada wai tana toshe IL-6, amma ya ce sai an yi min gwajin tarin fuka da ciwon hanta. Ni ba na tari. Ba cin kuɗi ba ne? Daga wata malamar makaranta a Kaduna.

Malama, ba cin kuɗi ba ne. Da bai nemi gwajin ba ne zan ce ki sake likita.

Ki bari in fara da jinin, don shi ne abin da mutane da yawa ke wahala a kansa ba su san dalili ba. Ƙwayoyin cuta suna buƙatar sinadarin ƙarfe don su hayayyafa, kamar yadda mu ma muke buƙatarsa don yin jini. Sai Allah Ya hore wa jiki wata dabara: da kumburi ya tashi, IL-6 yakan umarci hanta ta saki wani sinadari mai suna hefsidin, shi kuma ya kulle ƙofofin ƙarfe. Hanji ya daina tsotso shi daga abinci, wanda ke ajiye a saifa da hanta ya ƙi fitowa. In cutar ta mako guda ce, dabarar ta yi kyau, an bar abokin gaba da yunwa. Amma a ciwo irin naki kumburin ba ya ƙarewa, don garkuwar jikinki ce ta juya tana yaƙar gaɓoɓinki. Rumbu cike yake da hatsi, an sa masa kwaɗo, gida na kwana da yunwa. Kina haɗiyar ƙwayar ƙarin jini, yawancinta na wucewa ta bayan gida. Haka ke faruwa da masu tarin fuka da ciwon ƙoda mai daɗewa. Jinin yakan hau ne idan an kwantar da kumburin. Duk da haka a tabbatar ba zubar jini kike yi a ɓoye ba, domin magungunan kashe raɗaɗi irin su diklofenak suna cin ciki, ga kuma al'ada in tana da yawa.

Wannan kulle ƙarfen ba wasa ba ne. A wani bincike da aka buga a 2006 daga tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda cizon sauro ya yi katutu, yaran da aka riƙa bai wa ƙarfe ba tare da tantancewa ba sun fi sauran yawan kwanciya asibiti. Shi ya sa ake son rabon ƙarfe ga yara a irin yankunanmu ya tafi tare da kariya da maganin cizon sauro.

Allurar da likitanki ke nufi, mai yiwuwa tosilizumab ce, wadda ake sayarwa da sunan Actemra. Daga aikin Kishimoto ɗin nan ta fito. Japan ta fara amincewa da ita a 2005, Amurka kuma ta yarda a yi wa masu amosanin gaɓɓai a 2010. Ba ta hana jiki yin IL-6, kunnen da ke jin saƙon take toshewa. Tana aiki sosai ga mutane da yawa, kumburi ya sauka, jini ya hau. Amma ba da ita ake farawa ba, sai in tsofaffin magunguna irin su metotireksat sun gaza.

Dalilin gwajin kuwa: mutane da yawa a cikinmu suna ɗauke da ƙwayar tarin fuka a kwance, garkuwar jiki ta killace ta shekara da shekaru, ba tari ba komai. Haka ma ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma. In aka sassauta masu gadin ba a duba ba, fursunan zai fito. Akwai kuma abin da nake so ki riƙe da kyau in an fara miki: allurar tana ɓoye zazzaɓi, tana kwantar da CRP. Cuta za ta iya cin jikinki, ma'aunin zafi ya nuna lafiya, gwaji ya nuna lafiya. Don haka ciwon ciki mai tsanani, ko tari, ko kasalar da ba ki saba ba, ki je asibiti, kuma duk likitan da ya duba ki ki gaya masa kina kan wannan allura. Kada kuma ki ɓata kuɗi kina auna IL-6 bayan an fara, don lambar takan ƙara hawa ne tunda saƙon ya rasa inda zai sauka, kuma hakan ba ya nufin ciwon ya ƙaru.

Mahaifina ya rasu lokacin korona. Ya fara samun sauƙi, a mako na biyu numfashi ya gagare shi. Yanzu ina makarantar koyon jinya, na ji ana cewa "guguwar saitokin". Ita ce ta kashe shi? Kuma tunda deksametason ne maganinta, me zai hana mutum ya sha da zarar ya ji mura mai ƙarfi? Daga wani ɗalibi a Sakkwato.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Yadda ka kwatanta tafiyar ciwon, haka muka riƙa ganinsa. A makon farko bairos ne, wato ƙwayar cutar korona, ke ɓarna. A na biyu, a jikin wasu, bairos ɗin ya fara raguwa amma kiran yaƙi bai tsaya ba. IL-1 ya kira IL-6, su kuma su kira wasu, waɗanda aka kira su sake yin kira. Jijiyoyin jini su fara yoyo, ruwa ya cika huhu, jini ya riƙa daskarewa inda bai kamata ba, ƙoda ta gaza. Jiki yana da masu cewa a tsagaita, babbansu IL-10, amma a irin wannan hali muryarsu ba ta isa.

Ba korona ce ta fara kawo wannan ba. A 2006 a Landan an gwada wani sabon magani a kan matasa 6 masu cikakkiyar lafiya, cikin 'yan awoyi dukkansu suka koma sashen kula da masu matsanancin ciwo, babu wata ƙwayar cuta a jikinsu, garkuwarsu ce kawai aka zuga. Sun rayu, amma da ƙyar. A 2012 kuma a Filadelfiya ta Amurka, wata yarinya mai shekara 6 da ke da sankarar jini aka yi mata sabon magani na horar da fararen ƙwayoyin jininta su yaƙi cutar. Ta faɗi warwas, aka sa mata na'urar numfashi. Da aka auna, IL-6 ɗinta ya yi hawan da ba a saba gani ba. Jagoran aikin, Carl June, ya san tosilizumab domin 'yarsa na fama da amosanin gaɓɓai na yara. Aka yi wa yarinyar, zazzaɓin ya sauka, ta farfaɗo. A irin wannan wuri ne awon intalukin ke da daraja: majiyyaci na kwance, an san abin da ya tayar da wutar, ana neman inda za a tare ta.

A korona, babban binciken da jami'ar Oksfod ta jagoranta a Birtaniya ya bayyana a Yunin 2020 cewa deksametason, maganin da ke danne garkuwar jiki da kumburi, ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kusan ɗaya cikin biyar ga masu karɓar iskar oksijin. A 2021 aka ƙara da tosilizumab: cikin mutum sama da 4,000, kashi 31 cikin 100 suka rasu a ɓangaren da aka yi wa, 35 a ɓangaren da ba a yi wa ba. A Yulin shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ita ga masu tsananin ciwon. Ka lura, ragi ne, ba warkarwa ba. Kada ka ɗora wa kanka cewa da an yi kaza da Baba na nan.

Tambayarka ta biyu, tunda ma'aikacin jinya za ka zama, ka haddace amsarta. A wancan binciken, waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba su amfana da deksametason ba ko kaɗan. In ka sha shi da farkon mura, ka ɗaure hannun sojojinka lokacin da ake tsakiyar buƙatarsu. Kuma ka san yadda ake sayar da shi a kemis barkatai, 'yan mata na haɗa shi cikin sha-ka-fashe don neman ƙiba. Abin da ake samu kumburin fuska ne da tumbi, sai suga, hawan jini, gyambon ciki, ƙashi ya yi rauni, tarin fuka ya farka. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, don jiki ya daina yin nasa irin sinadarin, yankewar na iya kayar da shi. Likita ne zai sauke shi a hankali.

Wani mai tallar ƙwayoyin gina jiki ya ce min nasa yana ƙara intalukin, garkuwar jiki ta ninka. Kwalba ɗaya kusan rabin albashina. In saya? Daga wani direba a Kumasi.

Kada ka saya, ɗan'uwa. Ka tambaye shi wanne daga cikin sama da 30 ɗin yake ƙarawa, ka ga yadda zai yi. Akwai intalukin da ake bayarwa a matsayin magani da gaske, IL-2, wanda aka gano a 1976, Amurka ta amince da shi don sankarar ƙoda a 1992. Ta jijiya ake ba da shi, majiyyaci na kwance ana sa masa ido, don yana kawo zazzaɓi mai zafi, jini ya faɗi, ruwa ya taru a huhu. Haka ƙara intalukin na gaske yake. Da ƙwayar mutumin nan tana yin abin da ya faɗa, da asibiti za ta kai ka. Kuɗin ka sayi wake da ƙwai da ganye, ka kai yara rigakafi.

'Yata mai shekara 12 tana da asma, da hunturu abin yakan tsananta. A gwajin jini an ce wasu ƙwayoyi masu suna iyosinofil sun yi yawa. Mene ne haɗinsu? Daga wani uba a Zariya.

Malam, wannan wani reshe ne na gidan. IL-4, IL-5 da IL-13 aikinsu na asali yaƙi da tsutsar ciki. IL-5 ne ke sa ɓargo ya ƙaro iyosinofil, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sauran biyun su sa a yi majina, hanya ta matse don a kori baƙon. A jikin mai asma wannan runduna takan ɗauki ƙurar hunturu, hayaƙin itace, turaren wuta ko kyankyaso a matsayin tsutsa, ta far wa hanyar numfashi. Akwai allurai masu toshe IL-5 tun 2015, amma na masu asma mai tsanani ne wadda ta gagari komai, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin yawancinmu.

Kafin a ɗora wa asma laifin lambar nan, a duba bayan gida da fitsarin yarinyar, don a wurinmu tsutsar ciki da tsargiya su ne kan gaba wajen ɗaga iyosinofil, balle in tana wanka a rafi ko kududdufi. In an samu a yi magani. Ita asmar kuma, abin shaƙa kala biyu ne: mai buɗe hanya nan take, da mai kwantar da kumburi wanda ake shaƙa kullum ko tana lafiya. Iyaye da yawa suna riƙe na farkon su watsar da na biyun, alhali shi ne ke rage waɗannan saƙonni tun daga tushe, kuma ɗan abin da ke cikinsa huhu yake zuwa, ba kamar ƙwayar deksametason da ke zagaye jiki ba. Ta fara shi da wuri kafin iskar Nuwamba ta kaɗa, ta kurkure baki bayan kowace shaƙa, ta sa takunkumi ranar da hazo ya sauko, kuma ka kai abin shaƙar asibiti ta gwada a gaban likita a ga ko tana jan sa daidai.